Amsa kan maganar sa batir a keken gasa

Salamu alaikum 'yan guruf. Ƙanena da ya tambaya ko su sa batir da injin lantarki a keken guragun da za su kai gasar ƙirƙira ta ɗalibai, na ji saƙonka. Amma ai ba batir ne damuwarka ba, so kake ka ji abin da zai burge alƙalai. To bari mu yi lissafin tukuna.

Inji mai wat 250 yana son bolt 24, wato batir biyu masu bolt 12. In kowane amfiya 12 na awa guda ne, kana da wat 288 na awa guda a takarda. Irin batirin nan mai dalma kuwa ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba da wuri zai mutu. Ka ga kenan in injin na ja da ƙarfinsa, minti talatin da 'yan kai ne. Nauyin batiran kaɗai kilo bakwai zuwa takwas. Ranar da caji ya ƙare wa mai keken tsakanin Samaru da Kwangila a Zariya, da hannunsa zai tuƙa wannan kayan. Wutar cajin ma a ina? Bar wannan.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne giya. Sai su ciro farantin sarƙa mai haƙora 44 da firiwil (ƙaramin farantin jikin taya) mai 18 daga keken hawa su ɗora yadda suke. Wannan na ƙafa ne, hannu ba shi da ƙarfin cinya. Ku nemi ƙaramin faranti, kamar 28 a sama 22 a ƙasa, gudu zai ragu amma zai hau tudu ba tare da kafaɗa ta mutu ba. Sannan tayar gaba ce ke ja, nauyin mutum kuma yana baya, shi ya sa take sulɓi a yashi da taɓon damina. Ku matso da kujera gaba. A'a, tsaya, kaɗan fa nake nufi, don in ta matso da yawa keken zai riƙa kifewa a kwana, tunda taya ɗaya ce a gaban. Ku faɗaɗa baya, amma ku fara zuwa da tef ku auna ƙofar zauren mai keken da lungunsu, musamman in ɗan cikin birni ne. Keken da ba ya shiga gida a waje zai kwana.

Sai kujera, wallahi nan ne abin ke ban haushi. A kashe kuɗi a fenti da fitila, a zo wurin zama a sa katako a lulluɓe da leda! Wanda shan inna ta taɓa yana jin zafi, in wurin ya dame shi zai gyara zama. Wanda ya samu rauni a laka ba ya ji, yana zaune fata na mutuwa a ƙarƙashin ƙashin zama, sai gyambo, gyambon nan kuma kisa yake yi. Don haka soso kala biyu: mai tauri a ƙasa, a ɗan rarake shi daidai ƙasusuwan nan biyu, mai laushi a sama, kaurinsu kamar inci huɗu. Faɗin kujera daidai ƙugunsa, tsakanin bakinta da bayan gwiwarsa a bar yatsu biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin keken hannu tun 2008, kyauta a intanet, amma sai ka ga katako da leda. Katako fa!

Robar firintar 3D mai ƙera kaya kuma, irin wadda ake kira PLA, tana fara laushi wajen digiri 60. Ka ajiye ta jikin baƙin ƙarfe cikin zafin ranar Afrilu ka gani. Kada ta ɗauki nauyi ko riƙe birki. Duk abin da mai gyaran keke ko mai walda a Sabon Gari ba zai iya sauyawa ba, a cire shi: boris, sarƙa, taya, duk na kasuwa. Bututun ƙarfen kada kaurinsa ya gaza milimita ɗaya da rabi, in ya gaza walda na huda shi. Wuyan da ke riƙe tayar gaba nan ya fi tsagewa, ku sa masa ƙarfen tokara mai kusurwa uku.

A gwajin ISO 7176, wato ƙa'idar duniya ta gwada ƙarfin keken guragu, sau 200,000 ake juya keke a kan na'ura. Ba ku da ita, to ku ɗora buhun yashi kilo 100 ku yi ta bi da shi ta hanyar gargada, kuna duba walda kullum. Bayan nan ku ba mai shi ya hau mako guda, ku rubuta duk ƙorafinsa da abin da kuka gyara, ku haɗa da farashin kowane ƙarfe. Wannan takardar za ku miƙa wa alƙalai. Turo min hoton firam ɗin ta gefe in ga inda kuka sa kujerar.