'Yata ta samu jimla 7, ko likitanci ya tabbata?

Tambaya: Malam, 'yata ta samu jimla 7 a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, kuma likitanci kawai take so a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Mahaifinta ya ce fom ɗaya ya isa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Darussa shida ake haɗawa, uku na dole da uku na zaɓi, kuma ƙaramar jimla ita ce mafi kyau: wanda ya ci A1, sakamako mafi girma, a dukkansu shi ke da 6. Kin ga taki ɗaya ne tsakaninta da ƙololuwa.

Sai dai hankalinki ya fi kusa da gaskiya. Makin da jami'a ke yankewa a kai ba alkawari ba ne. Yawan masu nema da yawan kujeru ne ke haifar da shi, shi ya sa na bara ba ya ɗaure na bana. Tun da aka fara sakandare kyauta a Ghana a 2017, masu kammalawa suka ƙaru sosai, alhali ɗaliban likitanci sai an koyar da su a bakin gadon majinyaci, a asibitin Komfo Anokye ko Korle Bu, kuma wannan ba ya faɗaɗa dare ɗaya. Idan masu 6 sun cika gurbin, mai 7 sai ta tsaya a waje, ba don ta gaza ba. Na ga yara masu ƙoƙari sun kwana suna kuka a kan haka, abin yana ci mini rai.

A Ghana kowace jami'a fom ɗinta daban take sayarwa. Ku lallashi Alhaji ya ƙara aƙalla biyu: Jami'ar Ghana da ke Legon, ta Cape Coast, UDS ta Tamale da UHAS ta Ho duk suna koyar da likitanci. Kuɗin fom bai kai asarar shekara guda a gida ba. Zaɓi na biyu kuma ta sa abin da za ta iya karantawa da zuciya ɗaya, kamar haɗa magunguna ko gwaje-gwajen asibiti, kada ta cike gurbin don kawai ya cika. Legon ma tana da tsarin shiga likitanci na shekara huɗu ga wanda ya gama digirin farko a fannin kimiyya.

Duk wanda ya zo muku da cewa yana da hanya a ciki, ku kawo kuɗi, ku rufe masa ƙofa. Ita kuma ku zaunar da ita tun yanzu, kafin sunaye su fito, ta ji daga bakinki cewa kina alfahari da ita ko wace jami'a ce ta kira ta.