Ƙas-ƙas a cikin rikodin: kafin ka zaro kuɗi ka sayi wani abu

Salam 'yan uwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato wannan 'yar ƙarar da ke faɗowa cikin rikodin kamar an karya tsinken ashana, ƙas, wani lokacin ɗaya tak wani lokacin kuma a jere kamar wuta na cin busasshiyar ciyawa. Kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, me zan saya. Ni kuwa abin da zaku ji ina ta nanatawa shi ne kowace ƙas da inda ta fito, kuma yanayin zuwanta shi ke tona asirinta, sai an gano wannan tukuna sannan a zo maganar sayayya.

Wani ɗan uwa ya rubuto ya ce: "Malam ina ɗaukar murya da makirfo mai shiga USB a laftof ɗina, in na zo saurare sai in ji ƙas nan ƙas can babu wani tsari. Abokina ya ce makirfon ne ya mutu. In sayi sabo ne ko in sayi saund kad na waje gaba ɗaya?"

Ɗan uwa dan Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Fara da wannan gwajin, ba zai ci maka minti biyu ba: nemo inda kaji ƙas ɗin ka sake kunna wurin sau uku ko huɗu. In kullum a daidai wurin take fitowa to tana cikin fayil ɗin, tun lokacin ɗauka ta shiga. In kuma yanzu ka ji ta anjima babu, ko ta koma wani wuri, to fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, wajen kunnawa ne kwamfutar ke tuntuɓe.

Abin da ke faruwa kuwa shi ne, sauti a kwamfuta ba komai bane illa lambobi a jere, kowace lamba ana ce mata sampul, a sakan ɗaya akwai 44,100 in tsarin CD ne, ko 48,000 in na bidiyo ne. Kwamfutar bata karɓarsu ɗaya-ɗaya, tara su ake a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa sannan ta kwashe. In ka saita bafa a 128 kana kan 48,000, kaga ka ba kwamfutar ƙasa da milisakan 3 kenan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) ta zo ta kwashe ta dawo, haka kuma zata yi tayi ba hutu har ka gama ɗauka, to ranar da wani abu ya riƙe ta ko da na ƙiftawar ido ne, ko Wi-Fi ko antibairos ko burauza mai shafuka ashirin a buɗe, sai wasu sampul su zube, igiyar sautin ta yanke ta ɗora daga wani wuri daban, wannan tsallen shi ne ƙas ɗin da kunnenka ke ji. Makirfo bai san hawa ba bai san sauka ba.

Don haka ɗaga bafa zuwa 512 ko 1024, wanda ke ɗaukar murya shi kaɗai jinkirin milisakan 11 ko 21 ba zai dame shi ba. Cire makirfon daga irin mahaɗar nan mai bakuna da yawa ka soka shi kai tsaye jikin laftof, jona caja, kashe tsarin tattalin batir, kashe Wi-Fi. In Windows ne akwai wata 'yar sofwaya LatencyMon, ka barta tana aiki na wasu mintoci zata nuna maka wane direba ne, wato 'yar sofwayar da ke tafiyar da wani sashe na na'urar, ke riƙe kwamfutar. Ka kuma tabbata lambar da ke saitin makirfon da wadda ke sofwayar ɗaukar iri ɗaya ce, kar wannan na 44,100 wancan na 48,000. Ni kaina na taɓa kwana biyu ina zargin makirfo, har na ari wani na gwada ƙas ɗin na nan, ashe direban Wi-Fi ne, ina kashe shi shiru kake ji. In duk kayi wannan bata daina ba, kai makirfon wata kwamfutar da wani kebul ɗin daban, in ta biyo shi can to yanzu ne abokinka yayi gaskiya. Saund kad na waje, wato akwatin da ake soka makirfo a jiki ya kai sautin cikin kwamfuta, abu ne mai kyau, musamman mai direban ASIO nasa na kansa, wato direban sauti mai rage jinkiri, da wurin jin muryarka kai tsaye, amma ka saye shi don kana buƙatar abin da yake yi, in ka saye shi don maganin ƙas alhali kwamfutar ce ke tuntuɓe, shi ma haka zai yi maka.

Na biyu gajeriya ce. Wani mai ƙaramin sitidiyo ya ce ya haɗa na'urori biyu da kebul na dijital mai haske, sai yake jin tas, tas, tas a kan lokaci kamar bugun agogo, wai ya sayi kebul mai tsada ne?

A'a malam, ai da ka ce kamar agogo ka riga ka faɗi amsar. Kowace na'ura da agogonta na ciki da take ƙirga sampul da shi, kuma agogo biyu basa taɓa tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Ko da bambancin kashi 50 cikin miliyan ne, a 48,000 ya haura sampul biyu duk sakan, dole wani wuri a yar da sampul ko a maimaita. Shiga saitin ka bar ɗaya a kan agogonta na ciki, ɗayar kuma ka ce ta bi agogon da ke shigowa ta kebul ɗin, wato S/PDIF ko ADAT ɗin. Shugaba ɗaya, mabiyi ɗaya. Kebul ɗinka ka barshi.

Sai wata 'yar uwa mai shirin fodkas: "Ina editin da Audacity, ƙas ɗin nawa iri biyu ne, wasu a inda na yanka magana, wasu kuma a tsakiyar magana kamar ɗanɗanon baki. An ce in sayi iZotope RX. Ya cancanta?"

Malama kin ma yi rabin aikin tunda kin raba su biyu. Na wajen yankan laifin almakashi ne, kin yanka igiyar sautin tana sama kin haɗa ta da wata tana ƙasa, sai aka samu matakala a tsakani. In kika yi zumin sosai har ɗigo-ɗigon sampul suka bayyana zaki ganta da idonki, layi na tafiya a lanƙwashe sumul sai kawai ya faɗo tsaye. Maganinta kyauta ne, bayan kin zaɓi inda zaki yanka ki danna harafin Z, Audacity zai matsar da bakin yankan zuwa inda igiyar ke ratsa sifili, ko kuma ki sa ɗan shuɗewa na milisakan 5 zuwa 10 a mahaɗar yadda ɗaya na dusashewa ɗaya na tasowa. Wadda ta riga ta shiga kuma akwai Repair a cikin Audacity, yana gyara guntun da bai wuce sampul 128 ba, ya share wurin ya cike da abin da ya dace da gefe da gefe.

Na bakin kuwa yawu ne da harshe da leɓe, bushewar baki ke ƙara shi. Ki riƙa kurɓar ruwa, ki ɗan ja baya daga makirfon kamar tsawon tafin hannu, ki karkatar da shi kaɗan kar ya kalli bakin kai tsaye, zaki ga ya ragu sosai. RX, wato sofwayar gyaran sauti ta kuɗi, gaskiya yana da kyau, har da ɓangare na musamman don ƙarar baki, kuma in wannan aikin shi ne sana'arki kina gyara awa da awanni duk sati, lokacin da zai rage miki ya isa dalilin saye. In kuwa shiri ɗaya ne a sati, gwada na gwajin tukuna a kan fayil ɗinki mafi muni kafin ki yanke shawara.

Amma ga abin da ya fi damuna, kuma ina so duk mai gyara muryar Hausa ya ji shi da kyau. Harafin ƙ da ts fitarsu da kaifi take, iska ce a matse take fashewa lokaci guda, a idon sofwaya kuwa wannan fashewar ta yi kama da ƙas sosai. In kika murɗa ƙarfin gogewar har ƙarshe zata iya dakushe su, ƙasa ta fara komawa kamar kasa, ƙafa kamar kafa, muryar tayi laushi kamar mai magana da abu a baki. A RX akwai wurin da zaki danna ki saurari abin da ake cirewa shi kaɗai. Ki saurara. In tas-tas kawai kike ji to madalla, in kuwa kina iya tsintar kalmomi a ciki to kin fara cin naman maganar, ki sassauta.

Wani dattijo kuma ya ce yana da tarin faifan garmaho yana so ya mayar da su kwamfuta, ya ga ana tallar na'urar da ke juya faifai ta zuba shi kai tsaye a MP3, ya saya?

Ranka ya daɗe ni dai ban ba da shawarar wannan ba. MP3 matse sauti yake, kuma wajen matsewar yana shafa kaifin ƙas ɗin ya baje shi gefe da gefe, daga baya sofwayar gyara ta kasa kama shi da kyau. A nemi wadda zata ba da WAV, wato fayil ɗin da baya matse sauti, in da hali mai bit 24, a fara wanke faifan da goge allurar domin da yawa daga ƙarar ƙura ce kawai, sannan a ajiye kwafin farko kar a taɓa shi, a yi gyara a kan na biyu. A fara cire ƙas kafin a taɓa shuu ɗin da ke ƙasa. In kuma an ji ƙas na dawowa duk bayan sakan 1.8 a faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, wannan karce ne ya ratsa faifan, duk zagaye allura sai ta taka shi, irinsa ya fi kyau a bi shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Manyan ma'ajiyoyin sauti na amfani da kayan irin su kamfanin CEDAR na Kambirij a Ingila, wanda ke wannan aikin tun 1988, amma na gida baya buƙatar kaiwa can.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce, ya ce yana da ɗaruruwan fayil na murya kuma bazai iya sauraren duka ba, ya sayi sofwayar da ke gano ƙas da kanta ko ya rubuta tasa?

Ƙanina in kana iya Python ko da kaɗan ne, rubuta taka, ko ba komai zaka fahimci abin da na kuɗin ke yi. Fara da ido, buɗe fayil ɗaya a hoton sifektiragiram, wato hoton da ke nuna amon sauti daga mai kauri a ƙasa zuwa siriri a sama, murya zaka ganta layi-layi a kwance, ƙas kuwa siririn layi ne a tsaye tun daga ƙasa har sama, saboda abin da ya faru cikin milisakan ɗaya ko biyu ƙarfinsa watsuwa yake a kowane mataki na amo. Daga nan hanya mafi sauƙi ta fito, tace sautin ka zubar da na ƙasa inda yawancin ƙarfin murya yake ka bar na sama, ko ka riƙa ɗebe kowane sampul daga na kusa da shi, duk inda aka yi tsalle lambar zata yi sama.

Hanyar da ta fi wannan ita ce ta hasashe. Sauti na gaskiya baya yin tsalle haka kawai, in ka san sampul 20 ko 30 da suka wuce zaka iya cankar na gaba ka kusa dacewa, to sai kwamfuta ta riƙa canka tana gwadawa da abin da ya zo a zahiri, muddin murya ce kuskuren ƙanƙani ne, ana isowa kan ƙas sai kuskuren ya yi tsiri lokaci guda. Wahalar duk tana wajen sa iyaka, wane tsiri ne za a kira ƙas. Kar ka sa lamba ɗaya ga fayil gaba ɗaya, domin abin da yake ƙas a wurin shiru ba komai bane a wurin da ake ɗaga murya. Yanka fayil ɗin gutsi-gutsi, a kowane guntu ka ɗauki kuskuren da ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ninka shi wasu 'yan lokuta ya zama iyakarka, na tsakiyar ya fi a haɗa su duka a raba da yawansu a nan saboda ƙas ɗin kanta bata iya jan shi sama. Sai ka ƙara sharaɗin tsawo, abin da ya tashi ya faɗi nan take shi kake nema, wanda ya tashi ya ɗauki lokaci yana dusashewa galibi bugun ganga ne ko farkon kalma. In kuma so kake a gyara kawai ba sai ka ga lissafin ba, akwai sofwayar FFmpeg, kyauta ne kuma yana da matatar cire ƙas mai suna adeclick a ciki, zaka iya bi da shi kan fayil ɗin duka a dare ɗaya.

Ko wacce ka zaɓa, ɗauki fayil goma ka saurare su da hedifon ka rubuta lokacin kowace ƙas da hannunka, ka ɗauki wasu masu tsabta kuma ka dasa musu ƙas da kanka a wuraren da ka sani, sannan ka ga nawa na'urar ta kama, nawa ta tsallake, nawa kuma ta ƙaga. Irin wannan gwajin zaka yi wa ta kuɗin ma a kwanakin gwajinta, kuma ka tabbata a cikin goman akwai mai yawan ƙ da ts.