Amsa: Hawan Sallah ya isa a shiga dajin Okavango a kan doki?

Malam, ka tambaya ko wanda ya saba hawan Sallah zai iya bin jagora a kan doki cikin dajin Okavango na ƙasar Botsuwana. Zai iya, amma fa sai in ya iya sukuwa a fili ba tare da ya kama sirdi ba. Masu shirya tafiyar ba sa ɗaukar ɗan koyo, kuma yawancinsu suna ƙayyade nauyin mahayi a wajen kilo 90 zuwa 95. Za ka yi awa huɗu zuwa shida a kan doki kullum, wani lokaci ruwa har cikin dokin, musamman daga Yuni zuwa Agusta da ambaliya ke cika fadamar dajin.

Abin da na gani yana kayar da mutanenmu shi ne sirdin. Namu na gida yana riƙe mutum gaba da baya, nasu kuwa shafaffe ne, cinyarka ce za ta riƙe ka, kuma dawakinsu ba su san fizgar linzami ba. Ka samu irin sirdin ka gwada tun kana gida. Ba wasa ba ne, domin Botsuwana ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, kuma idan uwar garke ta fusata, jagora ba zai jira ka gyara zama ba. Raƙuman dawa da jakunan dawa kan bar mahayi ya matso kusa, in dai ya iya yin shiru. Kafin ka biya, tambayi masu shirya tafiyar nawa ne daga cikin kuɗin ke zuwa ga ƙauyukan yankin da masu gadin daji.