Wa ake tuhuma idan yaƙin da aka zuga ya lalace?

Malam, ka tambaya ko akwai hanyar hukunta waɗanda suka zuga aka kai yaƙi wata ƙasa, daga baya abin ya dagule. A takarda akwai, amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai.

Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta samu ikon sauraron laifin kai hari kan wata ƙasa ne daga 17 ga Yuli 2018, kuma ba ta komawa baya. Tana kama shugabanni masu riƙe da akalar soja ko siyasa kaɗai, ban da ɗan jarida ko masani da ya yi ta kururuwa a talabijin. Ƙasar da ba mamba ba, irin Amurka, hannun kotun bai kai can ba, sai dai idan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa mata batun.

Abin da ya rage shi ne kwamitin bincike. Wanda Birtaniya ta kafa ƙarƙashin John Chilcot kan mamayar Iraƙi ta 2003 ya ɗauki shekara bakwai, ya fitar da rahoto a Yulin 2016, ya ce Birtaniya ta shiga yaƙin kafin a gama bin hanyoyin sulhu, kuma an tabbatar wa jama'a batun cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi fiye da yadda hujja ta nuna. Amma ba a rantsar da shaidu ba, ba kuma a ba shi ikon yanke hukunci ba. Da aka nemi gurfanar da Tony Blair, firayim ministan Birtaniya a lokacin yaƙin, a 2017, babbar kotun Ingila ta ƙi, domin dokar Ingila ba ta san laifin kai hari kan wata ƙasa ba. Wannan giɓin ne ya fi ci mini rai.