Nisa tsakanin ƙananan filayen jirgin sama biyu: wace lamba ce daidai?

Tambaya: Malam, ina da tafiya tsakanin wasu ƙananan filayen jirgin sama biyu. Na duba nisan a intanet, wani wuri ya ce 300, wani 186, wani 162, taswirar wayata kuma ta ce 410. Wanne zan kama?

Amsa: Malam, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Ukun farko ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, mudun awon ne kawai ya bambanta. Na 300 kilomita ne. Na 186 mil ne irin na kan tudu, wanda kowane ɗaya yake mita 1,609. Na 162 kuwa mil ɗin teku ne, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙan jirgi suke lissafi, domin ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya idan ka nufi arewa ko kudu a taswira. Dukkansu miƙaƙƙen layi suka auna, mafi gajarta a bisa doron duniya. Na 410 shi ne na mota, wadda dole ta kewaye dutse, ta nemi gada.

To amma jirgin ma ba kullum yake bin miƙaƙƙen layin ba. Alkiblar iska ce ke zaɓa masa bakin titin da zai tashi da wanda zai sauka, ga hadari da zai kauce wa, ga sararin da sojoji suka keɓe. A gajeriyar tafiya irin taka wannan ƙarin yana fitowa fili sosai.

Ni dai a ganina lokaci kake nema, ba nisa ba. Ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu irin Cessna 172 yana cin kusan mil 120 na teku a awa, ka ga zai kai ka cikin minti 80 da 'yan kai. Idan iska mai gudun mil 20 na teku a awa ta tare shi ta gaba, sai ya kusa minti 100, nisan kuwa bai ƙaru ko da taku ɗaya ba. Jirgin fasinja mai farfela biyu irin ATR 72 a takarda minti 35 ne, amma kafin ya gangara kan titi, ya haura, ya sake saukowa, an doshi awa guda. (Akwai ma inda hidimar ta fi tafiyar tsawo: tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a Sukotilan kilomita 2.7 ne kacal, jirgin bai cika yin minti biyu a sama ba.)

Babban tarkon shi ne, ƙananan filaye ba kasafai suke da jirgin da ya haɗa su kai tsaye ba. Sau da yawa sai an kai ka babban fili, ka zauna jiran wani jirgin, sannan a juyo da kai. Haɗa wannan da zuwa fili da wuri da jiran kaya, sai ka tarar motar da za ta cinye kilomita 410 ɗin nan cikin awa biyar ta riga ka isa. Saboda haka duba tikitin tukuna: in an rubuta sauka a wani fili a tsakani, kuma hanyar mota lafiya lau take, ni da mota zan bi.