Tambaya da Amsa: Wane busasshen abinci zan saya wa ɗan kwikwiyon Rottweiler?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na sayi ɗan kwikwiyo jinsin Rottweiler, satinsa 10 da haihuwa. Wanda ya sayar mini ya ce in nemi busasshen abincin da ya fi kowanne furotin, in riƙa barbaɗa masa garin kalsiyam a kai, kuma kada in bar kwanonsa babu abinci, don ƙashinsa ya yi kauri ya girma da wuri. Ubansa ƙato ne, ina son shi ma ya kai haka. Wane abinci zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu je ga buhu, garin kalsiyam ɗin nan, idan ka riga ka saya, ajiye shi. Kwanon ma kada ka bar shi a cike dare da rana.

Girman da karenka zai kai gado ne daga uwa da uba. Abinci ba zai ƙara masa tsawo ko faɗin ƙirji a kan abin da ya gada ba. Abin da yawan ci ke yi shi ne ya kai shi can da gaggawa, kuma gaggawar ce ke jawo matsala. Rottweiler da ƙyar yake kai rabin kilo ranar haihuwa, amma namiji idan ya gama girma yakan kai kilo 45 zuwa 50. A watannin nan bakin ƙasusuwansa guringuntsi ne mai taushi. Idan nama da kitse suka riga ƙashi girma, kamar an ɗora rufi ne a kan ginin da bai bushe ba. Daga nan ake samun kwatangwalon da bai zauna daram a gurbinsa ba, da ciwon gwiwar gaba, da ɗingishin da ke bin kare har tsufa.

Kamfanin Purina mai yin abincin dabbobi ya taɓa bin karnuka 48 jinsin Labrador a Amurka tun suna sati 8 har ƙarshen rayuwarsu. An haɗa su bibbiyu, 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya kashi 25 cikin 100 ƙasa da abin da ɗan'uwansa ya ci. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi tsawon rai da kusan shekara 2, kuma ciwon gaɓoɓi ya daɗe bai kama su ba. Ni dai duk lokacin da aka kawo mini kwikwiyo ɓul-ɓul mai shi yana alfahari, wannan binciken nake fara ba shi labari.

Maganar kalsiyam ta fi haɗari, don shawara ce da ke kama da hankali. Karen da ya girma, hanjinsa yana ɗaukar abin da jiki ke buƙata ya bar saura ya fita. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba bai iya wannan tacewar ba, kaso mai yawa na abin da ka zuba shiga jininsa yake yi. A jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada haka a kan kwikwiyoyin Great Dane, wani jinsin manyan karnuka, a shekarun 1980: waɗanda aka cika wa kalsiyam guringuntsinsu ya lalace, wasu ƙafafunsu na gaba suka lanƙwashe. Da aka gwada furotin a wannan jami'ar daga baya, yawansa bai ɓata ƙashi ba. Saboda haka furotin ba abin tsoro ba ne, amma ba shi ne zai zaɓa maka buhu ba. Ƙa'idar furotin a abincin kwikwiyo ta fara daga kashi 22.5 cikin 100, kuma kusan kowane abincin kwikwiyo na kirki ya wuce hakan.

To, ga abin da za ka duba. Juya buhun, ka rabu da hoton karen da ke gaba. A baya ko a gefe, da ƙananan rubutu, akwai jimla mai ɗauke da sunan AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka. Ka nemi lamba 70 a cikinta, wato fam 70, kusan kilo 32, nauyin da daga shi ake kiran kare babba. Jimlar iri biyu ce: ko ta ce abincin ya dace da girma har da na manyan karnuka, ko ta ce ban da su. Karanta ta a natse, don mai sauri zai ga 70 ya ɗauka an gama. Abincin da ya cancanci “har da” kalsiyam ɗinsa yana tsakanin kashi 1.2 da 1.8 cikin 100 bayan an cire ruwa, kuma bai ninka sinadarin fosforas da ke cikin abincin fiye da sau biyu ba. Idan buhun na Turai ne, sunan FEDIAF, ƙungiyar masu yin abincin dabbobin gida ta Turai, za ka iya gani. Tabbatar an rubuta cikakken abinci ne na kwikwiyon babban jinsi.

Buhunan da ke tallar cewa babu hatsi a ciki ba na ba da shawararsu haka kawai. A 2018 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fara bincike kan ciwon zuciya a karnukan da ke cin irin waɗanda aka cika da wake da dankali a madadin hatsi. Idan likita bai ga hatsi na damun karenka ba, babu dalilin guje masa.

Awo kuma da sikeli za ka yi, kofi yana ruɗi. Jadawalin da ke jikin buhu mafari ne kawai. Raba abincin yini gida uku har ya kai wata 6, sannan gida biyu. Ajiye kwano, bayan minti 15 ka ɗauke. Duk sati ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin 'yar fata, kuma idan ka tsaya a kansa ka ga ƙugu ya ɗan shiga. In sai ka danna kafin ka ji ƙashi, rage awo. Baƙi za su ce ka ramar da shi, kada ka kula.

Kada ka sauya masa abinci rana ɗaya, zawo zai yi. Gauraya sabon da wanda ya saba ci, kana ƙara sabon kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. Bar abincin a buhunsa na asali, ka ɗaure baki, ka ajiye inda babu zafi ko danshi. In ka ji warin tsohon mai ko ka ga fumfuna, zubar. Rottweiler yakan ci gaba da abincin kwikwiyo har wajen wata 18. Idan kafin lokacin ka ga yana ɗingishi, ko yana shan wahala wajen tashi bayan ya kwanta, kai shi likitan dabbobi a duba gaɓoɓin, kuma ka tafi da hoton bayan buhun.