Dalilin da ya sa ba mu raba 'ya'yan wasan nan ɗari-ɗari ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa a cikin 'ya'yan wasa guda 400 na ƙirga maki a wasan karta da aka ba mu aikinsu na ce a yanka 150 masu lamba 5, da 150 masu lamba 25, da 75 masu lamba 100, sannan 25 kacal masu lamba 500, alhali a ganinka da an yi ɗari-ɗari da lissafi ya zo da sauƙi, fenti ma ya ƙare tare. Tambayarka tana kan hanya, kuma na fi son ka gane dalilin a kan ka haddace adadin, domin gobe wani zai zo da mutum biyar ko goma, adadin ya canja.

Tun kafin in karɓi aikin na tambayi mai shi abin da za a yi da su, ya ce su takwas ne har da shi, shi da abokansa, suke zama a gida suna wasan kartar da ake kira foka, kuma maki kawai suke ƙirgawa, babu kuɗin da ke fita daga aljihun wani ya shiga na wani. Da ya ce kuɗi suke zubawa da ban taɓa katakon ba, saboda caca haramun ce da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Shi ya sa ba za ka ga alamar naira a kan ko ɗaya ba, lamba tsura za mu sassaƙa.

Ka saba da dara, inda kowa yake da 'ya'ya goma sha biyu kuma duk darajarsu ɗaya. Wannan wasa ba haka yake ba. A kowane zagaye, tun kafin a raba kati, mutum biyu suna ajiye makin dole, na farko kaɗan, na biyu ninkinsa, daga nan sauran su biyo ko su ƙara ko su janye. Saboda haka lissafinka daga makin dole zai fara. Mai aikin ya ce da 5 da 10 suke buɗewa, don haka ƙaramin ɗa ya zama mai lamba 5, kuma yanka mai lamba 1 ɓarnar katako ce tunda babu inda za a ajiye shi. Abin da aka saba shi ne kowa ya fara da kimanin ninki ɗari na babban makin dole, wato maki 1,000 ke nan a nan.

To, maki dubun nan ta yaya za a miƙa wa mutum su? Za ka iya ba shi masu lamba 500 guda biyu, lissafi ya cika, amma wasa ba zai motsa ba, kamar wanda ya shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a da takardar dubu ɗaya yana neman gishirin naira hamsin, kowa ya tsaya nema masa canji. Abin da na tsara shi ne kowane mutum ya karɓi masu lamba 5 guda 15, maki 75 ke nan, da masu lamba 25 guda 13, maki 325, da masu lamba 100 guda 6, maki 600, su haɗu su ba da dubu cif a cikin 'ya'ya 34. Ka ninka wannan sau takwas za ka samu 120 da 104 da 48. Abin da ya saura a akwati bayan an raba na canji ne, da na baƙon da ya zo a makare, da kuma na maye gurbin wanda ya ɓata a ƙarƙashin tabarma.

Akwai masu cewa a ko da yaushe mafi ƙanƙanta su fi kowa yawa, ni kuwa ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Mai lamba 5 buɗe zagaye kawai yake yi, amma da zarar an fara ƙari, mai lamba 25 ne yake yawo daga hannu zuwa hannu, shi ne yake ɗaukar nauyin wasan. Idan ka cika wa mutum gaba da masu lamba 5 har talatin ko arba'in, sai ƙirga ta cinye lokacin wasa, tulin yana rushewa, gardama tana tashi. Ga shi kuma idan zama ya yi nisa akan ɗaga makin dole, a tattara ƙananan a musanya su da manya, su koma akwati. A nan ne masu lamba 500 suke amfani, kuma tunda aikinsu ajiya ne, ashirin da biyar sun isa har da saura.

Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin lambobin: daga 5 zuwa 25 ninki biyar, daga 25 zuwa 100 ninki huɗu, daga 100 zuwa 500 ninki biyar. Kowace lamba da launinta, to kada wani ya lallashe ka ka sa masu lamba 10 ko 50 a tsakani don ya ga launuka sun yi yawa. Biyu na 5 sun riga sun yi 10, biyu na 25 sun yi 50, don haka ƙarin launi ba ya ƙara komai sai ruɗani, kuma yana rage adadin waɗanda ake buƙata da gaske. Launi huɗu sun ishi wasan gida.

Game da fenti, a gidajen wasan Amurka an saba da fari ga 1, ja ga 5, kore ga 25, baƙi ga 100, shunayya ga 500, kuma akwatunan da ake sayarwa a kanti, masu guda 300 ko 500, galibi wannan tsari suke bi. Za mu bi ja da kore da baƙi saboda mai aikin ya saba da su, amma na 500 ruwan ɗorawa za mu shafa masa, domin da dare, a hasken fitila ko tocila, ido ba ya rabe shunayya da baƙi, kuma kuskure tsakanin ɗari da ɗari biyar ba ƙarami ba ne.

Inda nake son ka fi mai da hankali shi ne kauri. Faɗin da aka saba milimita 39 ne, kaurin kuma ya ɗan haura milimita 3. Idan faɗi ya kauce da kaɗan ba wanda zai damu, amma masu wasan ba sa ƙirga 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, jera su suke yi ashirin-ashirin su gwada tsayin wannan tuli da wancan. Idan naka ashirin sun yi tsayin ashirin da ɗaya na wani, ka jawo rigima tsakanin abokai da hannunka. Saboda haka katakon da muka sayo a 'Yan Katako ta Na'ibawa za a fere shi duka a zama ɗaya ya zama kauri guda kafin a fara fitar da da'ira, kuma kowane ɗa shafa biyu na fenti zai samu, ba wanda zai samu uku.

Idan ka zo yanka, ka ƙara goma a kan kowane launi, ka shafa musu fenti tare da sauran daga gwangwani ɗaya, ka ajiye su a shago. Wasu za su tsage wajen sassaƙa lamba, wasu mai aikin zai dawo nema bayan wata shida, kuma jan da ka haɗa yau ba lallai ka sake samun irinsa daidai ba. Ka fara da masu lamba 25, ka kawo mini ashirin na farko in gwada tsayinsu kafin ka ci gaba.